Karan Awon da Bai Samu Mai Shi Ba

Jama'a, ni ba mai ba da labarin aljanu ba ne, hasali ma in ana irin wannan hira a majalisa ni ne mai ɓata ta da gardama, har ana ce mini ɗan boko sai musu. Amma wannan da zan faɗa muku, wallahi tallahi a kaina ya faru, ba wani ya ba ni labari ba, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Lokacin ina koyarwa a firamaren wani ƙauye gaba da Karare, cikin ƙasar Batsari, a shekarun nan da komai ya tsaya cak, kwanon gero ya fi ƙarfin mai albashi balle manomin da ya cinye nasa tun kafin damina, ga ɓarayin shanu sun fara fitowa daga daji da rana tsaka, har motocin haya suka daina shigo mana, 'yan acaɓa kuwa in la'asar ta yi ko me za ka ba su ba sa zuwa. A cikin wannan hali maiɗakina Hadiza ta samu ciki na biyu. Na farkon, a amalanken shanu muka ɗauke ta zuwa Batsari, kafin mu isa ɗan ya mutu a ciki, ita ma da ƙyar aka ceto ta, likita ya ja mini kunne cewa in ta sake samun ciki kada a kuskura ta yi doguwar naƙuda a gida. To kun ji abin da ya sa ni neman mota, ba don gayu ba, ina ni ina gayu a wannan lokaci.

Akwai wata tsohuwar mota a kangon gidan marigayi Malam Iro direba, doguwa, irin wagon ɗin nan mai kujera layi uku da aka yi yayi tun muna yara. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, gilashin baya babu, kaji na ƙwai a ciki, awaki na hawa samanta. Na samu ɗansa Lawal na ce ina so, ga ragona da nake kiwo. Ban ma rufe baki ba ya ce ya sallama, in zo in ɗauka yau in na ga dama. Da ina da wayo da wannan saurin sallamar ya tsayar da ni, amma ni a raina cewa na yi na ci banza. Shanun huɗa muka ɗaura mata suka ja ta har gidana, muka kwance danga muka shigar da ita gindin darbejiya, mutane na binmu suna dariya.

Wanda ya taya ni aikin abokina ne Sale, bakanike ne mutumin Tsaskiya ta ƙasar Safana, ana ce masa Sale Dogo saboda tsawonsa, in zai shiga zaurena sai ya rusuna. Duk ranar kasuwa yakan biyo ta wurina a babur ɗinsa. Ranar da ya fara ganinta ya zagaya ta, ya leƙa ƙasa, ya miƙe yana kaɗe hannu ya ce, “Malam, wannan ai ba gyara take so ba, salla take so a yi mata a rufe.” Muka yi dariya. Allah ya jiƙan Sale, da ya san abin da bakinsa ya faɗa da bai faɗa ba.

Muka fara. In na taso makaranta sai in tuɓe riga in shiga ƙarƙashinta, in ranar kasuwa ta zo Sale ya duba abin da na yi ya zage ni ya gyara. Muka sauke inji muka wanke da kananzir, muka canza ringi da filogi, kafireta kuwa na kwance ta na jiƙa na busa da bakina har leɓena ya saɓule. Lagireto ya ɓule, Sale ya tafi da shi aka liƙe, tayoyi na hannu muka samo wurin 'yan gwangwan, gindin motar da tsatsa ta cinye aka yi masa walda da murfin tsohuwar ganga. Hadiza na zaune kan tabarma tana tsintar wake tana kallonmu, tana cewa ita dai in motar nan ta tashi a gaba za ta zauna, ba ta yarda da baya ba.

Ranar da na cire kujerar ƙarshe don in share ƙasanta ne na ga wani kara. Karan dawa ne mai kauri, ya yi ja saboda daɗewa, an yanke shi tsaf ta kai da gindi, an kwantar da shi a gefe ƙarƙashin wata ruɓaɓɓiyar tabarma. Abin da ya ɗan ba ni mamaki, gara ta cinye tabarmar da katakon kujera amma ba ta taɓa shi ba. To ƙofar but ɗin, wato ta bayan motar wadda ake ɗagawa sama, ba ta tsayawa da kanta, ta sha faɗo mini a gadon baya, sai na ce madalla, na kafa karan a ƙasa na tokare ta da shi. Ya tsaya daidai, ina shiga ina fita da hulata ba na sunkuyawa. Kullum da safe in tokare, da yamma in mayar da shi cikin motar in rufe.

Wata safiya na tokare kamar kullum, na juyo da sifana a hannu, sai ji na yi ƙwal, ƙofar ta sare ni a goshi har jini. Na duba, karan na nan a tsaye, amma ƙofar ta sauko, kansa bai wuce kafaɗata ba. Na zaci nutsewa ya yi a ƙasa, na cire na duba, ƙasa a bushe take. Na zaci wani ya rage shi, na duba bakinsa, tsohon yanka ne, ja, babu sabon sara. Na tambayi Hadiza ko ta karya ta hura wuta, ta ce me zai kai ta cikin motata. Na yi tsaki na ce ƙila dama haka yake ni ne ban lura ba, na ci gaba da aikina ina sunkuyawa.

A cikin satin nan Baba Tanko mai gadin makarantarmu ya rasu, wani ɗan gajeren tsoho mai barkwanci, zazzaɓi ya kwantar da shi bai tashi ba. Kun san yadda muke yi a ƙauye, in an yi rasuwa sai a yanko kara a auna mamacin daga kai zuwa ƙafa, a kai wa masu haƙa su san tsawon kabari, in an gama kuma a bar karan can tare da mai shi, ba a komowa da shi gida. Ni aka miƙa wa karan Baba Tanko in kai maƙabarta. Ina tafe na tsayar da shi don in gyara takalmi, sai na ga kansa daidai kafaɗata. Na tuna da karan motata, amma na ce kai, gajeru nawa ne a duniya.

Bayan an yi addu'ar bakwai na koma aikin mota, na ɗauko karan zan tokare, sai ya ƙi shiga. Ya yi tsawo. Sai da na tura ƙofar har ƙarshenta sannan ya zauna, kansa ya wuce kaina da kusan taƙi. Nan kam na tsaya, don wannan ba abin da zan ce ban lura ba ne. Ranar kasuwa ce, sai ga Sale ya shigo, ya wuce ta ƙarƙashin ƙofar a miƙe, gashin kansa na shafar ƙarfen, ya ce yauwa, yau ka yi hankali, ka samo mini kara daidai ni. Wallahi haka ya ce, yana dariya. Na buɗe baki in faɗa masa, sai na ji kunya, malamin makaranta guda ya ce kara yana girma, ai Sale zai yi shekara yana yi mini tsiya. Ranar muka ɗora inji, ya ce saura batir da saitin wuta, in ya dawo za mu tashe ta.

Bai dawo ba. A hanyarsa ta komawa Tsaskiya mutanen daji suka tare su don babur, ya ƙi sauka, suka harbe shi. Na je jana'iza, na ga karan da aka auna shi da shi a hannun ƙaninsa, ban iya matsawa kusa ba, daga nesa ma na san tsawonsa. Na yi kuka ranar nan kamar ba namiji ba, ga baƙin cikin aboki, ga tsoron da ba ni da wanda zan faɗa wa.

Da na dawo ban ko shiga gida ba, na wuce wurin matar Malam Iro, tsohuwa ce ana ce mata Gwaggo Abu. Na durƙusa muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya, na ce Gwaggo, wani kara na gani a motar marigayi. Tana jin haka ta ajiye mazarin da ke hannunta ta yi salati. Ta ce ita ta zaci gara ta cinye shi tun tuni, kuma ta ce wa Lawal ya faɗa wa duk wanda zai ɗauki motar, ashe bai faɗa ba.

Ta ba ni labari cewa a da, in mutumin ƙauye ya rasu a asibiti, Malam Iro ne ke auna shi, ya rigo da karan gida don a fara haƙa, kafin a gama wanka da suturta shi sai ya koma ya ɗauko gawa. Wata rana aka ce wani mutum ya cika, har an rufe shi da zane, Malam Iro ya yanko kara ya auna ya jefa a mota, bai kai ga tada ita ba aka ƙwala masa kira wai mutumin ya yi atishawa, ashe doguwar suma ce. Mutumin ya warke, ya yi shekaru yana nomansa. Karan kuwa aka rasa yadda za a yi da shi, ba a miƙa wa rayayye awon kabarinsa, ba kuma kabarin da za a bar shi, sai ya zauna a mota. Ta ce daga nan ya fara canzawa, mijinta ya gani ya ɓoye, sai ranar da ya ga karan ya zo daidai tsawonsa shi kansa sannan ya faɗa mata, watan bai ƙare ba ya rasu.

Na ce to yaya ake rabuwa da shi? Ta ce, “Ɗana, ni ban sani ba. Abin da na ji manya na faɗi, karan awo in an yanke shi sai ya kwanta da mai shi. In ka ga ya yi daidai da wanda ya rasu, ka sa shi a kabarinsa, shi ke nan.” Na ce ai an riga an rufe Sale. Ta ɗauki mazarinta, ba ta ƙara duban fuskata ba.

Na biya wurin liman, ya ce camfi ne, kara ba ya kisa ba ya rayawa, ajali na Allah ne, in yi sadaka in yi addu'a in jefar da shi. Na san gaskiya ya faɗa, har yau kuma a kanta nake. Na nufi gida da niyyar in ɗauko shi in cinna masa wuta kowa ya huta.

Ina shiga, sai na tarar Hadiza a tsakar gida da cikinta a gaba, ta yi wanki, igiyar shanya ta yi ƙasa saboda nauyi, ta ɗauko karan daga mota za ta tokare ta. Tana ganina ta tsayar da shi a gefenta, ta ɗora tafin hannu a kanta ta shafo zuwa kansa, tana murmushi ta ce, “Malam, ka ga karan nan naka tsawona ne cif, kamar an auna.”

Jama'a, ban san lokacin da na isa gare ta ba. Na fizge shi har ta yi taga-taga, na ɗora a gwiwa na karya da duk ƙarfina, a raina ina cewa in ga uban da zai yi wa daidai yanzu. Bai karye a tsakiya ba, ya karye ta can gefe, gida biyu, ɗan guntu kamar kamu ɗaya, da babban da na tsayar na ga ya zo mini daidai maɓallin ƙasa na kaftanina. Na wurga babban ta saman danga ya faɗa gonar dawar maƙwabcina, guntun na cilla cikin mota na buga ƙofa. Hadiza ta tsaya tana kallona, ta ce ko lafiya, tun da muka yi aure ba ta taɓa ganin na yi mata haka ba. Na ce rasuwar Sale ce ta taɓa ni. Da hankalina ya dawo na tsallaka gonar in ɗauko shi in ƙone, dawa ta yi tsawo ta rufe ko'ina, na nema har na gaji ban gan shi ba. Guntun ma na birkice motar kaf, babu shi.

Na so in rabu da motar, amma in rabu da ita in ɗauki Hadiza a me? Damina ta yi nisa, hanya ta cabe, watan haihuwarta ya kama. Haka na daure na aro batir, na yi saitin wutar yadda na ga Sale yana yi, maƙwabta suka tura, ta yi tari ta yi hayaƙi ta kama. Mutane na tafi suna yi mini barka, ni kuwa ko murmushi na kasa.

Naƙuda ta zo mata da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Na tsaya a bakin motar ina riƙe da makulli, zuciya ɗaya na cewa kada ka sa ta a ciki, ɗaya na tuna mini amalanken shanu. Na aika neman ɗan acaɓa, aka ce ba wanda zai bi hanyar nan yau. Hadiza na riƙe da ƙofa tana cije leɓe ta ce, “Malam, ai don wannan ranar ka gyara ta.” Na sa ta a gaba kamar yadda take so, ungozoma a baya, na yi bisimilla. Wallahi motar nan ta ratsa laka da kwazazzabai ba ta ko yi tari ba, ban taɓa jin inji na tafiya lafiya haka ba, kuma wannan lafiyar tata ta fi komai tsorata ni. Duk hanya ina tuƙi ina satar kallon Hadiza ina karanta duk abin da na iya.

Muka isa Batsari a kan lokaci, ma'aikatan suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Kafin la'asar wata ma'aikaciya ta fito ta ce mini uwar tana lafiya. Na faɗi na yi sujada a kan siminti. Ina ɗagowa matar ba ta tafi ba, ta ce jaririn namiji ne, ya yi kuka sau ɗaya, Allah ya karɓi abinsa.

A motar na komo da shi gida, naɗe cikin zanen uwarsa, ita tana can a kwance. Motar da na yi watanni ina gyarawa don ta kawo mini rai, ta koma aikinta na da. Muka tsaya ƙofar gida, maƙwabta suka taru, wani dattijo ya ce a samo kara a auna a kai wa masu haƙa. Kafin in yi magana wani ya ɗaga ƙofar but, ya ce ga wani nan ma, ya ɗauko. Guntun ne, yana kwance a fili a tsakiyar but ɗin da na birkice da hannuna. Dattijon ya karɓa ya shimfiɗa shi a gefen yaron, ya zaro wuƙa zai rage, sai ya mayar da ita kube ya ce ikon Allah, ba sai an yanka ba.

Da hannuna na sa shi a kabarin. Motar kuwa ban ƙara shiga ba, na kira 'yan gwangwan na ce su kwashe, suka zo suka farfasa ta suka tafi da ita. Hadiza ta warke, har yau ba ta san wannan labari ba, tana cewa motar nan ce ta ceci ranta, kuma ban taɓa musa mata ba. Ni dai ban san me ya faru ba. Ban sani ba ko karyawar da na yi ta raba ta da abin ne, ko ni na yanka wa ɗana awo da gwiwata, ko kuwa duk ba komai ba ne sai ajali da ya zo ya haɗu da tsoro. Na tambayi malamai, kowa ya ce in bar wa Allah, na kuma bar masa.

Sai dai babban guntun. Da kaka ta yi aka girbe dawar maƙwabcina na koma nema, to ina za ka gane kara ɗaya a gonar da aka kwantar da kara ko'ina? Kafin in ankara an ɗaure an kwashe, wasu sun yi danga, wasu sun yi rufi, wasu sun kai murhu. Ina fata yana cikin na murhun.

Bayan shekara biyu Allah ya ba mu ɗiya, lafiyayya, mai surutu kamar uwarta. Na nemi canji na bar ƙauyen, a gidanmu na yanzu ko tsinken kara ba na bari ya kwana. Amma yarinyar nan tana da wata ɗabi'a, kullum in na shirya zan fita sai ta rugo ta manne a jikina, ta ɗora hannu a kanta ta shafo zuwa cikina, irin yadda uwarta ta yi ranar nan. Shekaranjiya ta yi, ta ɗaga kai tana murna ta ce, “Baba, saura kaɗan in kamo maɓallinka na ƙasa.” Na duba, da gaske saura kaɗan.

Don haka 'yan uwa, in za ku sayi tsohuwar mota, ku tambayi abin da ta saba ɗauka kafin ku tambayi lafiyar injinta. In kun raka gawa, ku tabbata karan awo ya zauna can tare da mai shi. In kuma ba a tabbatar mutum ya cika ba, don Allah kada a yi saurin yanko kara. Wanda ya karanta wannan ya sa mini yarinyar nan a addu'a, ina so in ga ta wuce maɓallin nan.